ƁATA SUNA: MAI FAƊI DA MAI KAIWA GABA A IDON DOKA

  Gaisuwa ta musamman ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da birnin Yamai, waɗanda suka taru gindin rediyo tare da malamansu. Allah shi ba da ladar zama.

Yau za mu yi magana a kan wata dukiya wadda kowa ke da ita, ko da bai mallaki kaza ba. Dukiyar nan ita ce suna, watau mutuncin mutum a idon jama'a. In aka sace maka akuya, ka san inda za ka: wurin mai gari, ko wurin jandarma. To, in aka ɓata maka suna fa, ina za ka? In kuma kai ne ka ɓata sunan wani, mi doka ta tanadar maka? Mutane da yawa suna zaton magana iska ce, ba a shari'a a kanta. Wannan zato ya kai wasu gidan kaso. Saboda haka ku gyara zama, ku saurara da kyau.

Labarin ma'aji

Bari mu fara da misali. Ku ɗauka a wani ƙauye akwai ƙungiyar manoma. Kafin damina kowa ya zuba kuɗinsa don a sayo taki, aka damƙa kuɗin a hannun ma'aji, wani dattijo da aka sani da riƙon amana. Ma'aji ya kai kuɗi birni ya biya, aka ce ya koma gida ya jira mota. Ruwa ya sauka, shuka ta fito, taki bai iso ba.

Ran nan da dare samari suna shan shayi a fada, sai ɗayansu ya ce: "Ai ma'aji ya cinye kuɗin taki. Ba ku ga ɗansa da sabon babur ba?" Na biyu ya ɗauki salula ya yi saƙon murya, ya ce: "An ce ma'aji ya cinye kuɗinmu," ya tura cikin zauren WhatsApp na ƴan garin. Na uku yana can Agadas wurin neman kuɗi. Da ya ji saƙon, sai ya tura wa ƴan garinsu da ke Kano da waɗanda ke Libiya. Kafin gari ya waye magana ta gama duniya.

Bayan kwana goma mota ta iso da taki, ko buhu ɗaya bai ɓace ba. Babur kuwa ashe da kuɗin albasarsa yaron ya saya. Amma kafin nan mi ya faru? Mai shago ya daina ba ma'aji bashi. Waɗanda suka zo neman auren ɗiyarsa sun ja da baya. In ya shigo masallaci sai mutane su riƙa kallon juna. Taki ya zo, amma wanda ke Libiya bai ji labarin zuwansa ba, har gobe in an ambaci ma'aji sai ya ce: "Wanda ya ci kuɗin nan?" Shi ya sa Hausawa suka ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Cikin samarin nan uku, wa ke da laifi a gaban doka? Kowa ya riƙe amsarsa, za mu komo kanta.

Mi doka ke kira ɓata suna?

Ma'anar ɓata suna da alƙalanmu ke aiki da ita ta samo tushe daga wata tsohuwar dokar Faransa ta ranar 29 ga Yuli 1881. Bayan da Nijar ta samu ƴancin kai a shekara ta 1960, dokokinmu sun ci gaba da bin wannan ma'ana. A taƙaice, ɓata suna shi ne ka jingina wa mutum wani aiki wanda zai zubar masa da mutunci ko ya rage masa daraja a idon jama'a. In aka kawo ƙara, alƙali yakan duba abu huɗu.

Na farko, sai in an faɗi wani abu takamaimai, wanda za a iya bincikawa a gane ko ya faru ko bai faru ba. "Ya cinye kuɗin taki" abu ne da ake iya bincikawa: a duba takardar biya, a ƙirga buhuna. Haka nan "ya saci saniyar wane", ko "tana zuba wa nono ruwa", ko "ya karɓi cin hanci wurin rabon fili".

Na biyu, sai in abin da aka faɗa ya taɓa mutunci. In ka ce maƙwabcinka ya je kasuwar Talata alhali yana gida kwance, ka yi kuskure ko ka yi ƙarya, amma ba ka zubar masa da daraja ba. In kuwa ka ce ya je kasuwa ya sayar da tunkiyar sata, to ka taɓa shi.

Na uku, sai in ana iya gane wanda ake nufi. Mutum guda ne, ko ƙungiya, ko kamfani, ko ma'aikata, duk doka tana kare sunansu.

Na huɗu, sai in magana ta fita, wasu sun ji. In ka kira mutum gefe, daga kai sai shi, ka ce kana zarginsa, wannan tsakaninku ne. In ka faɗa a kasuwa, ko wurin suna, ko cikin taro, ko a jarida, ko a rediyo, ko ta salula inda jama'a za su ji, to magana ta zama ta fili. Gwargwadon yawan kunnuwan da suka ji, gwargwadon girman ɓarna.

Zagi, ra'ayi da barkwanci

Akwai abubuwa da suka yi kama da ɓata suna, ya kamata mu rarrabe su.

Zagi daban ne. In ka ce wa mutum jaki, ko ɗan banza, ko wawa, ba ka jingina masa wani aiki ba, ka dai wulaƙanta shi. Ba wanda zai je ya binciko ko mutum jaki ne. Wannan doka tana kiransa zagi, shi ma laifi ne mai hukuncin kansa. Kada wani ya ce tunda ba ɓata suna ba ne yana da izinin yi.

Ra'ayi kuwa doka ba ta hana shi ba. In ka ci abinci wurin mai tuwo ka ce miyarta ba daɗi, ra'ayinka ne, wani ya ci ya ce da daɗi. In ka ce aikin da magajin gari ya yi na gyaran kasuwa bai yi kyau ba, kana da iko, don aikin jama'a ne, kuma jama'a na da bakin magana a kansa. Amma ranar da ka ce mai tuwo da naman mushe take miya, ko magajin gari ya sa kuɗin kasuwa aljihu, ka bar ra'ayi ka shiga zargi, kuma za a ce ka kawo hujja.

Sai wasan barkwanci, irin na taubasai, ko na Fulani da Barebari, ko na Fulani da Arawa. Wannan gado ne mai daraja, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a shekara ta 2014. In Babarbare ya ce wa Bafillace bawansa ne, kowa ya san wasa ne, dariya ake yi, ba mai ɗauka da gaske. Amma in ka fake da barkwanci ka ce wane ɗan wane shi ya kore shanun da suka ɓace makon jiya, har mutane suka ɗauka gaskiya ne, to wasa ya ƙare.

Dabaru uku da ba su fid da kowa

Yanzu mu komo ga samarin nan uku. Da yawa cikinku za su ce na farko ne mai laifi, tunda shi ya ƙago maganar. Gaskiya ne yana da laifi. Amma sauran biyun ba su tsira ba. Akwai dabaru uku da mutane ke fakewa da su, kuma doka ta toshe su.

Dabara ta farko ita ce "an ce". Mutum ya ce: "Ni ban ce ba, ji na yi." Doka ta ce wanda ya maimaita zargi a fili, hukuncinsa ɗaya da wanda ya fara. Dalili a bayyane yake. Da maganar ta tsaya a fada, mutum biyar kaɗai suka ji. Wanda ya sa ta cikin salula, da wanda ya tura ta Kano da Libiya, su suka ba ta ƙafafu. Wutar daji ba ta nisa sai da iska. Saboda haka danna yatsa ka tura saƙo daidai yake da ka tsaya tsakiyar kasuwa ka faɗa da bakinka.

Dabara ta biyu ita ce habaici. Mutum ya ce: "Ai ban kama suna ba. Cewa na yi wani mai riƙe da kuɗin jama'a, wanda ɗansa ya sayi babur." To ma'aji nawa ne a garin? In duk wanda ya ji ya gane wa ake nufi, alƙali ma zai gane. Rashin kama suna ba ya wanke mai habaici.

Dabara ta uku ita ce sa zargi cikin rigar tambaya ko ta shakka: "Anya kuwa ma'aji bai ci kuɗin nan ba?" ko "Wataƙila dai shi ne, Allah masani." Ita ma doka ta san da ita. In tambaya kake da gaske, ma'aji na nan, je ka tambaye shi, ko ka tashi a taron ƙungiya ka ce a kawo lissafi. Wanda ya jefa tambaya cikin taron da ba mai amsa ta, shuka zato yake yi.

Amsar tambayarmu ke nan: duka ukun ana iya kiransu gaban alƙali.

In gaskiya na faɗa fa?

Wani zai ce: to in da gaske ma'aji ya ci kuɗin, sai mu yi shiru? A'a. Doka ba ta zo don ta rufa wa ɓarawo asiri ba. Wanda ya tabbatar da gaskiyar abin da ya faɗa yana da kariya. Amma ku lura da abu biyu.

Na ɗaya, nauyin kawo hujja yana kan wanda ya yi magana. Ba ma'aji za a ce ya nuna bai ci ba, kai za a ce ka nuna ya ci. "Kowa ya sani" ba hujja ba ce. "Zuciyata ta ba ni" ba hujja ba ce. Hujja ita ce takarda, ko shaidun da suka gani da idonsu kuma suka yarda su tsaya gaban alƙali. Nan za ku ga amfanin karatu da rubutu. Ƙungiyar da ke rubuta kuɗin shiga da na fita, tana ajiye takardun biya, ba ta faɗa wa irin wannan rikici ba: a buɗe littafi, gani ya kori ji.

Na biyu, sha'anin cikin gidan mutum yana da tasa kariya. Dokar Faransa da muka ambata ba ta ma yarda mai magana ya kare kansa da cewa gaskiya ya faɗa ba, in abin ya shafi sirrin rayuwar mutum. Kuɗin ƙungiya na jama'a ne, jama'a na da hakkin sani. Amma ciwon da maƙwabcinka ke fama da shi, ko abin da ke tsakaninsa da matarsa, ba naka ba ne balle ka kai kasuwa.

In kana da zargi mai tushe, akwai ƙofar da ake bi. Ka kai wa shugabannin ƙungiya, ko mai gari, ko jandarma, ko ƴan sanda, su bincika. Kai ƙara wurin hukuma da zuciya ɗaya ba laifi ba ne. Amma wanda ya san ƙarya ce, ya je ya kai ƙarar mutum don a kama shi a wulaƙanta shi, kundin hukunta laifuka na ƙasarmu, wanda aka kafa a shekara ta 1961, ya tanadar masa nasa hukunci.

Hukuncin da aka tanada

Hukuncin ɓata suna ya sha canji a ƙasarmu, ya kamata ku san yadda aka yi.

A da, ɗan jarida da aka samu da laifin ɓata suna ana iya ɗaure shi. A watan Yuni na shekara ta 2010 aka yi dokar ƴancin aikin jarida, wadda ta cire ɗauri a kan irin wannan laifi ta bar tara. A watan Nuwamba na 2011 shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya sa hannu a kan wata sanarwa da ake kira ta Table Mountain, mai kira ga ƙasashen Afirka su daina ɗaure mutane saboda ɓata suna. Shi ne shugaban ƙasa na farko da ya sa mata hannu.

Maƙwabtanmu ma sun yi wannan muhawara. A Burkina Faso, a shekara ta 2012, an yanke wa wani ɗan jarida, Lohé Issa Konaté, ɗaurin wata 12 saboda abin da ya rubuta a kan wani babban ma'aikacin shari'a. Ya kai kuka kotun Afirka ta kare hakkin ɗan Adam mai mazauni a Arusha, ƙasar Tanzaniya. A watan Disamba na 2014 kotun ta ce ɗaurin ya wuce kima, ta umurci Burkina ta gyara dokarta.

Sai ga salula ta shiga hannun kowa. Abin da a da sai mai jarida ko mai rediyo ke iya yi, yanzu yaro a ƙauye yana iya yinsa da saƙon murya, ko bai san bihim ba. Saboda haka a watan Yuli na 2019 aka yi dokar hukunta laifukan da ake aikatawa ta hanyar na'urorin sadarwa. Ta ce wanda ya ɓata sunan wani ta salula ko intanet ana iya ɗaure shi daga wata 6 zuwa shekara 3, da tara. A shekara ta 2022 aka yi wa dokar gyara, aka cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi. A watan Yuni na 2024 kuma aka sake gyara ta, aka maido da ɗauri: daga shekara 1 zuwa shekara 3, da tarar sefa miliyan 1 zuwa miliyan 5. Hukumomi sun ce sun yi haka don kare mutuncin jama'a, ƙungiyoyin ƴan jarida kuwa sun nuna damuwa, suna tsoron kada a toshe bakin masu faɗin gaskiya.

Ɗalibai, ku yi lissafi. Jikka ɗaya sefa 1.000 ce. Miliyan 1 jikka 1.000 ke nan, miliyan 5 kuwa jikka 5.000. Manomi nawa ne zai iya fid da wannan daga rumbunsa? Saƙon da bai kai minti ɗaya ba yana iya cinye gona da bisashe.

Tara kuma aljihun gwamnati take shiga. Ban da ita akwai diyya. Ƙa'ida ce a dokarmu cewa duk wanda ya jawo wa wani hasara da laifinsa, sai ya biya. Wanda aka ɓata wa suna yana iya neman diyyar cinikin da ya rasa da ta kunyar da ya sha, alƙali ya kimanta.

Masu zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Damagaram da Kano, su sani can ma ɓata suna laifi ne a dokar Arewacin Najeriya. Tsallaka iyaka ba ya wanke baki.

Abin da addini ya ce

Kada wani ya ce wannan dokar Nasara ce. Tun kafin Nasara ya zo, malamanmu suna karantar da hukuncin ƙazafi. A cikin Suratun Nur, wanda ya jefi mace mai kamun kai da zina bai kawo shaidu huɗu ba, hukuncinsa bulala 80, kuma a daina karɓar shaidarsa. Duk almajirin da ya karanta Risala ya tarar da wannan babi. Kotunan Nijar ba su yanke hukuncin bulala, amma ku dubi inda aka ɗora nauyin hujja: a kan mai magana, kamar dai yadda muka faɗa ɗazu.

Ku tuna kuma abin da ya samu Nana A'isha, Allah shi ƙara mata yarda, lokacin da aka bar ta a baya a hanyar komowa daga yaƙi, munafukai suka ƙaga mata ƙarya. Kusan wata guda Madina na cikin baƙin ciki kafin ayoyi su sauka su wanke ta. Malaman tarihi sun ce cikin waɗanda aka yi wa bulala har da Musulmi na kirki, waɗanda ba su suka ƙago maganar ba, sun dai ji ne suka maimaita. Suratul Hujurat kuma ta yi umurni a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta hana zato da bin diddigi da cin naman mutane. Ƴan'uwanmu Kirista su ma, cikin dokoki goma an hana su shaidar zur a kan maƙwabci. Ashe addini da al'ada da dokar ƙasa duk bakinsu ɗaya.

A nan muna jan kunne musamman a kan sunan mata. Namiji in aka yi masa ƙarya, sau da yawa yakan fita ya kare kansa a fada. Budurwa ko matar aure kuwa, kafin ta ji abin da ake faɗi, aure ya mutu ko baiko ya watse. Mai yaɗa hoton ɗiyar wani, ko mai cewa ya gan ta wuri kaza, ya tuna shi ma yana da ɗiya ko ƙanwa.

In an ɓata maka suna

To, in abin ya faɗo kanka, mi za ka yi?

Da farko ka riƙe zuciyarka. Kada ka ɗauki sanda, kada ka rama da zagi. Wanda ya rama da duka ya mai da kansa mai laifi, a bar maganar sunansa a koma maganar jinin da ya fitar.

Na biyu, ka ajiye shaida. In saƙon murya ne ko rubutu, kada ka goge don haushi. Ka adana shi, ka lura da lambar da ta turo da ranar da aka turo. In a taro aka faɗa, ka rubuta rana da wuri da kalmomin da aka yi amfani da su, da sunayen waɗanda suka ji. In ba ka iya rubutu ba tukuna, malamin yaƙi da jahilci ko ɗan lakwal na gidanku ya rubuta maka tun ba a manta ba.

Na uku, ka nemi sulhu. Doka ta ba sarakunan gargajiya, tun daga mai unguwa da mai gari har zuwa sarki, ikon sasanta mutane, kuma akan rubuta takardar sulhu. A gaban mai gari ka nemi abu guda: wanda ya yi magana ya janye ta a inda ya yi ta. In a fada ya faɗa, ya koma fada. In cikin zauren WhatsApp ya tura, ya sake yin saƙo da muryarsa cikin zauren nan, ya ce ƙarya ce, kuma waɗanda suka tura gaba su tura gyaran. Ban haƙuri a zaure cikin dare, daga kai sai shi, ba ya wanke sunan da aka ɓata da rana tsaka.

Na huɗu, in jarida ce ko rediyo, kana da hakkin mai da martani. Ka rubuta amsarka ka kai musu, doka ta wajabta musu su buga ta ko su karanta ta.

Na biyar, in sulhu ya ƙi, ka kai ƙara wurin jandarma, ko ƴan sanda, ko kai tsaye wurin mai gabatar da ƙara a kotu. Hukuncin tara da ɗauri na kotu ne ita kaɗai. Galibi sai wanda aka ɓata wa suna ya kai kuka da kansa kafin shari'a ta motsa. Kuma kada ka yi jinkiri, don ƙara tana da wa'adi. A dokar Faransa ta 1881 wata 3 kacal aka bayar, don ku gane irin wannan shari'a ba ta son a bar ta ta kwana. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya ya sani a shekara ta 2011 an kafa hukumar ƙasa mai taimaka wa marasa ƙarfi a sha'anin shari'a, wadda ake kira ANAJJ. Ya tambaya a babbar kotun jiharsu.

In kuwa kai ne bakinka ya zarce, kada girman kai ya hana ka gyara. Ka je tun ba a kira ka ba, ka nemi gafara, ka janye maganar a fili. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa yadda take, amma wanda ya yi saurin gyara ya rage ɓarna, kuma sau da yawa mai hakki yakan yafe a bar zancen kotu.

Tambayoyi don tattaunawa

Malamai, bayan an rufe rediyo ku tattauna waɗannan da ɗalibanku, ku rubuto mana abin da suka ce.

1. Cikin samarin nan uku, wa ya fi yi wa ma'aji ɓarna, kuma don mi?

2. Mi ya raba "miyarta ba daɗi" da "da naman mushe take miya"?

3. In aka turo maka saƙo ana zargin wani ɗan garinku da sata, mi ya kamata ka yi kafin ka taɓa salularka?

4. A ƙungiyarku ana rubuta kuɗin shiga da na fita? In ba a yi, wa zai fara?

Kalmomin da za a koyi rubutawa a wannan mako su ne: suna, mutunci, hujja, shaida, tara, diyya, sulhu.

Jama'a, kafin ku faɗi magana a kan wani, ko ku tura wadda aka turo muku, kowa ya tambayi kansa: in aka kira ni gaban alƙali gobe, ina da abin da zan nuna? In babu, to maganar ta tsaya a kanka. Baki shi ke yanka wuya.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Allah shi tsare mana mutuncinmu, shi ba mu damina mai albarka. Assalamu alaikum.